Injiniya da Garin Ƙashi

Babu makarantar da ta ba mijin yayata sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta masa da jan fenti a jikin baro, ya kuma daina amsawa idan an kira shi da wani suna. Birkila ne. Yana ɗora bulo, yana yaɓe, kuma don kada in ci haƙƙinsa, hannunsa na da kyau a yaɓe. Idan ya shafe bango da siminti har sheƙi yake yi. Abin da ke bayan yaɓen ne dai gara kada ka bincika.

Ina 'yar sakandare ya fara zuwa gidanmu neman Yaya. Aka shigo da shi falo ya gaishe da Inna. Bai gama gaisuwar ba ya miƙe, ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Inna, wanda ya yi muku ginin nan ɓarawo ne. Yashi kawai ya tara muku."

Marigayi Babanmu ne ya gina falon da hannunsa, kullum in ya taso daga aiki. Inna ta gyara mayafinta ta shige ɗaki. Na ɗauka maganar aure ta mutu ke nan. Ashe Yaya tana bayan labule tana murmushi. Ta ce ita namiji mai ƙarfin hali take so, wanda ba ya jin nauyin faɗin gaskiya. Ta kuwa samu, har da gyara.

Ba ya duka, ba ya shaye-shaye, ba ya bin mata. Cutarsa ɗaya ce: babu abin da bai sani ba. Yana gardama da mai karanta hasashen yanayi a rediyo. Ya taɓa koya wa nas yadda ake riƙe allura, a kan cinyar 'yarsa. Da na zama malamar makaranta, ya zaunar da ni ya yi mini bitar yadda ake koyar da lissafi, shi da in ya auna ɗaki da tef sai ya kira Yaya ta haɗa masa jimla. Gidan da suke ciki shi ya gina. Daɓen banɗakin ya karkato ta wajen ƙofa, duk wanda ya yi wanka sai ya bi ruwan da tsintsiya. In ka tambaye shi sai ya ce salo ne, turawa ma haka suke yi don iska ta busar da wuri.

Faɗuwar da ta canja masa rayuwa ma bakinsa ne ya jawo ta. Suna ginin bene, an zuba kankaren sama bai gama kamawa ba. Shugaban ma'aikata ya ce kada a taɓa katakon da ya tokare shi. Injiniya ya ce shi da ido yake gane kankare, wannan ya nuna tuni. Ya zare tokara, ya hau sama ya yi tsalle don ya nuna musu. Suka gangaro tare, shi da kankaren.

Ƙashin ƙwaurinsa na dama ya ragargaje, ya fasa fata ya leƙo, yashi da siminti suka cika ciwon. An yi masa tiyata an wanke, amma wurin ya yi ruwa daga baya, dole aka sake buɗewa aka cire ɓangaren ƙashin da ya mutu. Sai ya zama akwai rami a tsakanin ƙashin sama da na ƙasa, wanda ba zai haɗe da kansa ba.

A wannan zaman asibitin ne kaɗai na taɓa jin tausayinsa. Mutumin gadon da ke kusa da shi an yanke masa ƙafa, kuma Injiniya ya ga lokacin da aka dawo da shi, bargo ya kwanta shafal a inda ƙafa ya kamata ta tashi. Daga ranar bakinsa ya mutu. Na je kai abinci na tarar ya damƙe gefen zanin Yaya da hannu biyu, hawaye na bin kunnensa. Ya ce mini, "Malama, ki roƙa mini Allah." Bai ƙara ko kalma ba. Na fito ina cewa a raina ashe akwai mutum a cikin rigar nan.

Likitar ƙashin mace ce, gajeruwa, mai tabarau, ba ta da yawan magana. Tun farko Injiniya ya tambayi Yaya a ɓoye ko babu likita namiji. Ranar da ta zo yi masa bayanin aiki na gaba ina wurin. Ta fito da wata 'yar kwalba a rufe cikin leda, da farin abu a ciki kamar gishiri mai tsakuwa.

"Wannan za mu zuba a ramin," in ji ta. "Ma'adini ne da ake haɗawa a masana'anta, da irin sinadaran da ke cikin ƙashin mutum, sai ɗan fulorayid kaɗan. Za mu ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunka mu cakuɗa su, mu cike wurin, mu ɗaure da ƙarfe da kusoshi."

"Fulo me?"

"Fulorayid. Ka taɓa jin sunansa, akwai shi a man goge baki. Ɗan kaɗan ne a nan, don ya taimaka wa ƙashi ya tsiro."

Ya zuba wa kwalbar ido kamar zai haɗiye ta. Likita ta ga bai gane ba, sai ta tambaye shi sana'arsa. Yaya ta yi saurin cewa birkila ne, kafin ya buɗe baki.

"To ka san katakon da kuke kafawa kafin ku zuba kankare? Haka garin nan yake. Ba shi ne ƙashin ba. Madogara ce. Jikinka ne zai bi ta cikinsa ya gina sabon ƙashi a hankali, shi kuma garin yana narkewa."

Allah ya jiƙan iyayen likitar nan, da kyakkyawar niyya ta kawo misalin. Amma na ga lokacin da idon Injiniya ya kawo haske. Ya saki zanin Yaya. Ya gyara zama a kan matashi.

"Ashe aikinmu ne," ya ce.

Aiki ya yi kyau. Wanda ya biyo baya kuwa Yaya ce ta sha shi. Ita ke kwashe fo, ita ke goge shi, ita ke cicciɓarsa zuwa banɗaki, ga keken ɗinki da take takawa har ƙafarta ta kumbura don a ci abinci a gidan. Duk komawa asibiti ita ke tare mota, ta riƙe sandunansa. A hoton ƙashi na farko ramin cike yake da ɗige-ɗige farare. A hankali ɗige-ɗigen suka riƙa haɗewa, har wata rana likita ta ɗaga hoton a gaban fitila ta ce ƙashi ya tsiro, ya fara taka ƙafar. Yaya ta fashe da kuka. Injiniya ya ce dama ya sani, tun yana yaro jininsa ke da ƙarfi.

Hoton nan ya sa aka yi masa firam, ya cire hoton aurensu ya rataye shi a falo. Duk baƙon da ya shigo, kafin a kawo masa ruwa sai ya ga ƙwaurin maigida. Injiniya zai naɗe wando, ya ɗora ƙafa a kan tebur, ya ce a taɓa a ji. "Dutse ne a ciki. Mota ta take wannan, motar za a kai gareji." Labarin kuma kullum yana ƙara ƙiba. Da farko likita ce ta yi masa bayani. Daga baya tare suka yi shawara. Kafin shekara ta zagayo, shi ya farka ana tsakiyar tiyata ya ce mata kwaɓin ya yi ruwa, ta ƙara gari. Ƙashin ƙugunsa da ƙarfen da kusoshin duk suka ɓace daga labarin. Yaya ma ta ɓace.

Hawa bene ya gagare shi, ƙafar ba ta jure tsani. An yi masa tayin aikin kula da kayan gini a wani wuri, ya ce shi ba mai gadi ba ne. Ya zauna a gida yana tunani, kuma duk wanda ya san shi ya san nan ne haɗarin yake.

Wata Asabar na je gidan na ji injin markaɗen Yaya yana kuka kamar ana yanka shi. Na leƙa kicin. Injiniya na tsaye da tsohon gilashin walda a fuska, farar ƙura ta rufe tukwane. A gabansa akwai fasassun tayil, ɓawon ƙwai, allin da ya roƙa a wurina da sunan zai koya wa 'yarsa karatu, rabin buhun farin siminti, da tulin man goge baki da ya matse a roba.

"Me nake gani haka, Injiniya?"

"Ilimi kike gani, Malama." Ya ɗago wani bututun man da ya lanƙwashe, ya nuna mini ƙananan rubutun bayansa da yatsa. "Karanta nan. Ba fulorayid ɗin ba ne? Abin da suke ɓoyewa a kwalba su wahalar da talaka, ga shi a kowane kanti."

"Likita ta ce maka ɗan kaɗan ne, kuma a cikin ƙashi ake sawa, a ɗakin tiyata."

"In kaɗan ya yi aiki, mai yawa fa? Ke ce mai lissafi."

"Kuma tayil ɗin banɗaki ne ma'adinin?"

"Ke kin taɓa ganin tayil ya ruɓe?"

Na juya wurin Yaya, tana bakin ƙofa da almakashi a hannu. Ta kawar da kai. Ta ce a bar shi, ko ba komai ya samu abin da ya tashe shi daga kan kujera.

Ya riƙa ɗura kwaɓin a tsofaffin kwalaben man shafawa. Ya sa teburi a ƙofar gida, ya jingina hoton ƙashinsa a kai, ya sayo farar riga irin ta masu sayar da nama ya saka. Abin takaici, mutane suka zo. Tsofaffi masu ciwon gwiwa, direbobi masu ciwon baya, wata mai wanki da kafaɗarta ta riƙe. Man goge baki yana da sanyi a fata, to da an shafa sai mutum ya ji wani iri, ya ce wallahi ya fara aiki. Da kwaɓin ya bushe ya ɗaɗe fata, sai Injiniya ya ce ƙashi ne ke ja. Wanda fatarsa ta saluɓe kuwa, cutar ce ke fita.

Har asibiti ya kai wa likita kwalba ɗaya, ranar da ya koma a duba ƙarfen, wai su haɗa gwiwa. Yaya ce ta ba ni labari. Likita ta buɗe, ta shinshina, ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce siminti yana ƙona fata, kada ya kuskura ya sa wa wani a ciwo, kada kuma kowa ya sha, don fulorayid in ya yi yawa a jiki ƙashin da kansa yake lalatawa. Ta jefa kwalbar a kwandon shara a gabansa. Da suka fito ya ce wa Yaya, "Kin ga yadda hannunta ke rawa? Ta ji tsoron kasuwarta."

Ina wani gari wajen gyaran takardun jarrabawa Inna ta je gidan su Yaya ta kwana biyu. Ta shiga wanka, ta fito, ta taka ruwan da ya taru a bakin ƙofa. Santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannun dama. Wuyan hannun ya karye, gefen tayil kuma ya tsaga mata fata.

Yaya ta ɗauko mayafi za ta nemo mota. Injiniya ya tare ƙofa.

"Ana da likita a gida a kai uwa asibiti? Ki bar mutane su yi mini dariya?"

Ya ja hannun tsohuwa har ta sume ta farfaɗo. Ya kwaɓa garinsa da kauri, ya ƙara siminti don na Inna ne, ya shafe hannun tun daga yatsu har gwiwa, a kan ciwon da komai, ya gyara shi da cokalin gini sumul. Inna mace ce mai kunyar suruki, ko ruwa ba ta sha a gabansa. Ta cije mayafi ta daure. Da ta ce wa Yaya wurin yana ci kamar wuta, sai ya amsa daga falo cewa ƙashi ne ke tsirowa, shi ma haka ya ji. A waya kuwa cewa suka yi mini Inna ta ɗan gurɗe, an shafa magani.

Wari ne ya fara tarbata ranar da na dawo. Inna na kwance, jikinta zafi rau, yatsunta sun leƙo daga cikin simintin sun kumbura sun yi baƙi-baƙi. Ban gaishe da kowa ba. Na fita na tare tasi, na dawo na ɗaga ta. Injiniya ya biyo ni yana ɗingishi.

"Malama, kada ki ɓata mini aiki. Saura kaɗan ya kama."

"Matsa mini."

"Ke yarinya ce, a gabana kika girma."

"Wallahi in ba ka matsa ba sai na karya ɗaya ƙafar, ka ɗaure ta da kayanka."

Ya matsa. Yaya ta shigo motar ba takalmi.

A asibiti, zarton da suke yanka ɗaurin karaya da shi bai iya cin abin ba, sai da aka bi shi da filaya ana ɓantara kaɗan-kaɗan. Fatar ta biyo simintin. Likitar nan ce dai aka kira. Ta dubi hannun, ta dubi Yaya, ta gane ta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ke kina wurin lokacin da na yi masa magana," ta ce.

Yaya ta durƙushe a ƙasan ɗakin. Ni ban ɗaga ta ba.

An ceto hannun, bayan tiyata da jinya mai tsawo. Yatsu biyu dai sun sandare har yau. Inna ba ta iya ɗaura zani da kanta, ba ta iya zura zare a allura, da hagu take cin abinci tana jin kunya. Asibiti suka sanar da hukumar kula da magunguna. Ranar da jami'ai suka zo kwashe kwalaben, Injiniya ya shige bayan tankin ruwa ya tsuguna, ya manta farar rigarsa na leƙowa. Suka tafi da shi. Inna ce, da hannu a rataye a wuya, ta sa na kai ta ofishinsu ta roƙa a sake shi, wai uban jikokinta ne, kuma ba da mugunta ya yi ba. Suka sa shi ya yi alƙawarin ba zai sake ba, suka sallame shi.

Ya zo gaishe ta da ledar lemo. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira in ji kalmar haƙuri. Ya zauna, ya dubi hannun ta nan, ya dube shi ta can, ya yi ajiyar zuciya.

"Ɗinkin nan bai miƙe ba," ya ce. "Gaggawa ce ta ɓata aikin, Inna. Da an bar shi ya bushe sosai, da yanzu kina daka da shi."

Inna ta ce Allah ya yi albarka. Ni na ɗauki lemon na miƙa wa maƙwabta.

Yanzu ya yi furfura. Yana wuni a benci a gaban wani shagon kayan gini, ba a ɗauke shi aiki ba, ba a kuma kore shi ba. Duk wanda ya zo sayen siminti sai ya gaya masa wanda ya zaɓa ba shi da kyau. Babbar 'yarsu ta shiga makarantar koyon aikin jinya da guminta da na uwarta, shi kuma yana gaya wa mutane gado ta yi. A bakinsa, manyan likitoci ne suka haɗa kai suka rufe masa masana'anta, kuma wata rana za a neme shi.

Na daɗe ban taka gidan ba. Kwanan baya na je, don Yaya ta yi rashin lafiya. Muna zaune a tsakar gida tana tsinke zaren wata riga, na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙewa.

"Yaya, me kike yi har yanzu a gidan nan?"

Ta ci gaba da tsinke zaren. Ta tsufa fiye da shekarunta, idonta ya fara gajiya da ɗinki.

"Da farko don yara ne," ta ce. "Yanzu kuwa, in na tafi wa zai saurare shi? Ni in ya kawo sabuwar dabara sai in ce to, ta yi kyau, bari mu ci abinci tukuna. Kafin ya gama ci ya manta. In babu ni, waje zai fita neman mai saurare. Kuma zai samu, kin gani da idonki."

"Wato gadinsa kike yi."

"Gadin mutane nake yi." Ta ciji zare ta tofar. "Sau ɗaya na yi sake. Kullum in na je ɗaura wa Inna zani sai na tuna."

Na karɓi rigar na ci gaba da tsinke mata. Sai muka ji tari daga cikin ɗaki, da jan takalmi. Injiniya ya leƙo ta taga, ba hula, yana sosa ƙeya.

"A'a, Malama ce a gidan namu? Ya maigidan naki? An ce mini bayansa ya riƙe, ko tashi ba ya iya yi. Akwai wani abu da nake ta nazari a kai kwanan nan."

Na baro maigidana kwance a tsakar ɗaki a kan tabarma, ko juyi sai an taimaka masa.

"Ya warke," na ce. "Garau. Jiya ma ƙwallo ya buga."